Jibo Bakari da Kujeru 41 na Majalisar Ƙasa

 A wanga fitowa shafin tarihi zai yi magana bisa marigayi Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba.

Ga abin da ya kawo maganar. A watan Oktoba na 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan Janar Dagol daga wani babban titi na birnin, suka sa sunan Jibo Bakari. Yaranmu na lakwal sun ji labarin a rediyo, suka zo suna tambayarmu ko wane ne shi. Mu kanmu malamai muka tarar abin da muka riƙe tun zamanin karatunmu bai wuce layi biyu ko uku ba, watau shi ne mutumin da ya ce A'a a 1958. Tsofaffinmu kuwa sun san fiye da haka, amma har yau akwai waɗanda in an ambaci Sawaba sai su rage murya, su duba wanda ke kusa. Wanga rage murya shi ya sa muka ga ya kamata a tsara labarin daga farko har ƙarshe, a ga yadda mutum ya sami rinjaye a majalisa da ƙuri'ar talakawa, da yadda rinjayen ya kuɓuce masa, da kuma wanda ya biya kuɗin abin da ya biyo baya.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai. Bazabarme ne, amma a Tawa ya yi ƙuruciyarsa, can ya fara lakwal, can kuma Hausa ta zauna bakinsa. Wanga abu ya yi masa rana daga baya, domin in ya tsaya gaban jama'a a ƙasar Hausa ba ya bukatar tafinta. Daga Tawa ya wuce Yamai, sa'an nan aka tura shi Senegal, makarantar Wilyam Ponti, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na dukan ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. Da ya gama ya komo gida ya zama mushe, ya karantar a Birnin Ƙonni da Agadas.

A Sudure ɗin nan aka haifi Jori Hamani a 1916. Shi da Jibo ƴan'uwa ne na jini, shi ma Ponti ya yi, shi ma da alli ya fara cin abinci. Allah ya ƙaddara mutanen nan biyu na gari ɗaya su ne za su raba ƙasar Nijar gida biyu har shekara da shekaru.

Sai mu tuna halin da talaka ke ciki sa'ad da Jibo ya fara aiki. Kumandan yana da ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Akwai aikin tilas: a zo gari a ɗebi majiya ƙarfi su tafi gyaran hanya ko ɗaukar kaya, ko da damina ce. Akwai lanho bisa kan kowane baligi da bisa dabbobi, sarakuna ke tarawa, gardi na biye. A nan ƙasarmu kuwa gujiya ita ce kuɗi, amma kamfanonin Turawa da ke Maraɗi su ke da ma'auni, su ke yanka farashi. Malamin lakwal na zamanin yana ganin duk wannan da idonsa, domin uban da aka tafi da shi aikin tilas ɗansa na zaune cikin aji.

Daga aji zuwa siyasa

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara sassautawa. A watan Afrilu na 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwet Bwanyi na ƙasar Kwaddibuwa. A watan Mayu na shekarar aka kafa jam'iyya ta farko a Nijar, watau PPN, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a watan Oktoba. Jori Hamani ya zama dipite a Faris. Jibo kuwa ya zama babban sakataren jam'iyyar a 1947, shi ke yawo gari gari yana kafa rassa.

A farko RDA tana tafiya tare da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, abin da ya sa gwamnonin mulkin mallaka suka matsa mata ƙwarai. A 1950 Ufuwet ya ga wuyar ta yi yawa, ya raba gari da ƴan kwaminis, ya nemi shiri da hukuma. Jori ya bi shi. Jibo ya ƙi, domin a ganinsa wannan mika wuya ne. Nan hanyarsu ta rabu.

Da ya bar PPN sai ya koma wajen ma'aikata, ya shiga aikin sandika. Faransa ta yi dokar aiki ta ƙasashen da take mulki a watan Disamba na 1952, amma masu ɗaukar ma'aikata suna jan ƙafa wajen aiki da ita, sai da aka yi yajin aiki a 1953. Jibo yana cikin jagororin wanga yaji a Nijar, nan ne kuma leburori da ƙananan ma'aikata suka san shi. A 1954 ya kafa tasa jam'iyya mai suna UDN.

Raƙumi da giwa

Mutanen da suka riƙe jam'iyyar Jibo ba manyan ma'aikatan biro ba ne. Direbobin kamyo ne da yaransu, ƴan kamasho na tasha, teloli, magina, mahauta, ƙananan ƴan kasuwa masu kai da kawowa tsakanin gari da ƙauye. Duk inda kamyo ya tsaya, labarin jam'iyya ya sauka. Su ne suka riƙa kiran kalmar sawaba a wurin taro har ta zama sunan jam'iyyar. Mu Hausawa mun san ma'anarta: sauƙin da ke zuwa bayan an sha wuya.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanenmu. Tun ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta, ita ma neman sawaba take kira. Mutumin Madarumfa da ke cin kasuwar Jibiya ko ya kai kaya Katsina ya riga ya ji ana maganar talakawa da sarakuna a can. Saboda haka da Sawaba ta iso Maraɗi da Tasawa da Damagaram, ta tarar da ƙasa a jiƙe.

Da yake yawancin masu zaɓe ba su karatun boko, kowace jam'iyya tana da alama. Ta RDA giwa ce, ta Sawaba raƙumi. Har yau in tsoho ya ce gidan wane ƴan raƙumi ne, to, wanga zamani yake nufi.

A zaɓen dipite na watan Janairu 1956 Jibo ya tsaya bai ci ba. Kujeru biyu na Nijar a Faris suka tafi hannun Jori Hamani da Jorj Konda, haifaffen Maraɗi. Jibo ya gane cewa ƙuri'ar ƴan tasha da ƴan kasuwa ita kaɗai ba ta isa, domin mafi yawan ƙuri'u suna ƙauye, ƙauye kuwa yana hannun sarakuna. Sai ya ƙulla da jam'iyyar BNA ta Jorj Konda da Isufu Saidu Jarmakwai, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya. Da taimakonsu ya zama magajin garin Yamai na farko a ƙarshen 1956, jam'iyyun biyu kuma suka haɗe suka zama ɗaya. A riƙe wannan da kyau: jam'iyyar da ta tashi da kukan talaka ta shiga rumfa ɗaya da masu karɓar lanho. Haɗin ya kawo nasara, shi ne kuma ya zama ɓarakar da ruwa ya shiga daga baya.

Majalisar 1957

Kafin wannan lokaci akwai majalisa a Yamai tun 1946, amma rumbun zaɓenta biyu ne, ɗaya na Turawa da masu takardar zama ƴan Faransa, ɗaya na ƴan ƙasa, kuma ba kowa ke da ikon jefa ƙuri'a ba. Dokar da minista Gaston Defer ya kawo a watan Yuni na 1956 ta canza wannan. Ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, ta haɗe rumbunan biyu, ta kuma ce majalisar kowace ƙasa ita za ta zaɓi ministocin da za su riƙe aikin cikin gida.

Ranar 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓen. Kujeru 60 ne. Sawaba ta ci 41, PPN ta ci 19. Jorj Konda ya zama shugaban majalisa. A watan Mayu majalisar ta ɗora Jibo Bakari bisa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Muƙaminsa a farko mataimakin shugaba ne, domin a takarda gwamna Bature shi ne shugaban majalisar ministoci. Sai a watan Yuli na 1958 aka mai da shi cikakken shugaba.

Sai dai a san iyakar wanga iko. Majalisa tana duba kasafin kuɗi, tana maganar lanho, lakwal, likita, noma da kiwo. Amma soja, da jandarma, da kuɗin sefa, da hulɗa da ƙasashen waje, duk suna hannun Faransa. Kumandojin da ke riƙe da yankuna Turawa ne, gwamna suke saurare. Watau an ba Jibo linzami, amma ƙafafun dokin suna ɗaure a turken wani.

Cikin ɗan lokacin da ya samu ya yi ƙoƙarin sa ƴan ƙasa a wuraren da Turawa ke riƙe, ya kuma nemi rage ƙarfin sarakuna bisa talakawa, har gwamnatinsa ta tuɓe waɗansu daga cikinsu. Talaka ya ji daɗi, amma sarakunan da suka kawo ƙuri'u a 1957 suka fara duban juna. Ba za mu ɓoye ba kuma, zamanin bai rasa tashin hankali ba. A watan Afrilu na 1958 magoya bayan raƙumi da na giwa suka gwabza a Yamai, aka zubar da jini. Kowane ɓangare yana da matasa masu sanda, kowane kuma yana ganin ɗaya maƙiyi ne, ba abokin hamayya ba.

I ko A'a

A tsakiyar 1958 yaƙin Aljeriya ya kayar da gwamnatin Faransa, Janar Dagol ya komo mulki. Ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ranar 28 ga Satumba. Wadda ta ce I za ta zauna cikin tarayya da Faransa, tana mulkin cikin gida. Wadda ta ce A'a ta sami ƴancin kai nan take, amma Faransa za ta janye hannunta da kuɗinta.

A watan Yuli aka yi babban taron jam'iyyar PRA a Kwatano, inda wakilai daga ƙasashe da dama suka nemi ƴancin kai ba tare da jinkiri ba, suka kuma zaɓi Jibo babban sakatarensu. Da lokaci ya matso yawancin shugabannin suka ja da baya. A Afirka ta Yamma shugabannin gwamnati biyu kaɗai suka tsaya bisa A'a, Seku Ture na Gine da Jibo Bakari na Nijar.

Faransa tana iya haƙura da Gine, amma Nijar dabam ce. Tana iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi. An sami man fetur a Saharar Aljeriya a 1956, an ga alamar yuraniyom a arewacin Nijar a 1957, Faransa kuma tana shirin gwada bam ɗinta a cikin Sahara, abin da ta yi a 1960. Ga kuma Nijeriya a kudu tana dab da samun ƴanci. Tun 1953 Faransa ta fara juya gujiyarmu ta bi ta Dahomai zuwa Kwatano maimakon jirgin ƙasa na Kano, don kada arzikin ƙasar Hausa ya dogara da hanyar Ingilishi. Ba ta son ta wayi gari ta ga Maraɗi da Damagaram sun juya fuska kudu.

Saboda haka aka aiko sabon gwamna, Don Jan Kolombani, ƴan makonni kafin zaɓe. Aka ƙaro soja, motocinsu suka riƙa ratsa ƙauyuka, jiragen sama suna shawagi. Kumandoji suka fita kamfe a fili. Aka tuna wa sarakuna rawunan da aka tuɓe, aka nuna musu abin da zai same su in raƙumi ya zauna da gindinsa. Isufu Saidu Jarmakwai da waɗansu manya da suka shigo ta hanyar BNA suka bar Jibo suka koma wajen I. Gwamnatin da majalisa ta zaɓa tana nan da sunanta, amma umurni ya daina bi ta hannunta.

Da aka ƙidaya, I ta sami wajen kashi 78 cikin 100, A'a wajen 22. Abin lura shi ne waɗanda suka fita zaɓen ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Mutane da yawa sun ga soja, sun ji sarki, suka zauna gida ko suka tafi gona, domin lokacin kaka ne. Gine ta ce A'a, ta zama ƙasa mai ƴanci ranar 2 ga Oktoba.

Yadda kujerun suka tafi

Faɗuwa a wanga zaɓe ba ta tuɓe gwamnati a doka, tun da majalisa ce ta naɗa ta, majalisa ce kuma ke da ikon sauke ta. Amma ba a bi ta nan ba. A watan Oktoba aka matsa wa Jibo da ministocinsa suka sauka. A watan Nuwamba aka rushe majalisar da jama'a suka zaɓa don shekara biyar, ba ta cika shekara biyu ba. Ranar 14 ga Disamba 1958 aka sake zaɓe ƙarƙashin idon gwamnan nan. Haɗin gwiwar PPN da masu I suka sami kujeru 49, Sawaba ta sami 11.

Kujerun nan 11 daga Damagaram da Tasawa suka fito, watau daga ƙasar Hausa, duk da matsin da aka yi. Ranar 18 ga Disamba sabuwar majalisa ta yi shelar Jamhuriyar Nijar, ranar da muke biki har yanzu. Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. Ba a jima ba aka soke zaɓen Tasawa da na Damagaram. Na Tasawa aka miƙa wa masu rinjaye, na Damagaram aka sake shi a watan Yuni na 1959, PPN ta kwashe. Jam'iyyar da ke da kujeru 41 a watan Maris 1957 ta wayi gari ba ta da ko ɗaya. A watan Oktoba na 1959 aka haramta ta ɗungum.

A ganinmu nan ne babbar ɓarna ta auku. Da an bar wa Sawaba kujerunta 11, da manomin Tasawa yana da mai faɗin kukansa a Yamai, da matasan jam'iyyar suna da abin jira, watau zaɓe mai zuwa. Aka toshe wannan ƙofa. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami ƴancin kai, abin da Jibo ya nema shekara biyu kafin nan, amma shi yana gudun hijira, mutanensa da yawa suna kaso. Zaɓukan 1965 da 1970 jeri ɗaya na ƴan takara aka kawo wa jama'a, na jam'iyya ɗaya.

Hijira da bindiga

Jibo ya zauna Bamako, daga baya ya koma Gana wajen Kwame Nkuruma. Magoya bayansa da yawa suka ƙetara zuwa Kano da Katsina, inda ƴan NEPU suka karɓe su. Mu da ke bakin iyaka mun san ƙetarawar ba ta da wuya. Tun da Katsinawa suka kafa mulkinsu a Maraɗi bayan jihadi, dangi suke gefe biyu, aure da kasuwa ba su taɓa tsayawa ba. Mutum ya bi ta Ɗan Isa da dare, asuba ta yi masa a Jibiya.

Daga waje shugabannin Sawaba suka yanke shawarar ɗaukar makami. Aka tura samari horon soja a Sin, da Biyatnam ta Arewa, da Aljeriya, da Gana. Waɗansu kuma aka tura su karatu ƙasashen gurguzu. A ƙarshen 1964 ƙananan ƙungiyoyi masu bindiga suka shigo ta iyakokin kudu da yamma, suna zaton da jama'a sun gan su za su tashi su bi su.

Ba haka ta faru ba. Gwamnati, da taimakon Faransa, ta riga ta sami labari. Aka sa sarakuna da matasan jam'iyya da mutanen ƙauyuka su fita farautarsu. Aka kashe waɗansu a daji, aka kama da yawa, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti don ya kashe Jori. Jori ya tsira, amma wani yaro ya rasu. Bayan wannan kamu ya ƙaru, mutane da dama suka mutu a tsare.

Wa ya ɗauki nauyin wanga duka? Ƙauyukan bakin iyaka. Wanda ya ba baƙo ruwa ya shiga uku, wanda ya ƙi fita farauta ya zama abin zargi, wanda yake da ɗan'uwa a Kano ana dubansa. Maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabci, wani don tsoro, wani don tsohuwar gabar gona. Daga nan ne rage muryar tsofaffinmu ta samo asali. A nan dole mu faɗi gaskiya bisa Jibo: an zalunce shi a 1958, amma shawarar 1964 kuskure ce babba. Ya auna zuciyar jama'a daga nesa, da ma'aunin shekara bakwai da suka wuce, ya tura ɗiyan mutane cikin tarko.

A watan Fabrairu na 1966 soja suka kayar da Nkuruma, Sawaba ta rasa masaukinta. Jibo ya koma Gine wajen Seku Ture.

Komowa gida

Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana cikin babbar yunwa, soja ƙarƙashin Saini Kunce suka kifar da gwamnatin Jori, suka rushe majalisa. Aka saki fursunonin siyasa, aka bar ƴan hijira su komo bisa sharaɗin su bar siyasa. Jibo ya komo bayan shekara 15. Amma a watan Agusta na 1975 aka kama shi bisa zargin ƙulla juyin mulki. Ya yi shekaru a tsare, bai sami sakewa sosai ba sai cikin shekarun 1980. Abin mamaki, a waɗannan shekaru shi da Jori duk fursunonin gwamnati ɗaya ne. Jori ya rasu a Maroko a 1989.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofar jam'iyyu, Sawaba ta sake fitowa, amma ta rabu biyu. Jibo ya rubuta labarin gwagwarmayarsa cikin wani littafi da ya fito da Faransanci a 1992. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 ya tsaya, yana da shekara 70 da ɗoriya, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Mahaman Usman ɗan Damagaram ya ci. Yawancin masu zaɓen ranar ba a haife su ba sa'ad da raƙumi ke da kujeru 41. Ranar 16 ga Afrilu 1998 Allah ya yi masa rasuwa a Yamai.

Abin da muka gani cikin labarin

Shekarun Jibo 76 a duniya. Cikinsu zamansa bisa mulki bai kai shekara ɗaya da rabi ba, hijira da kaso kuwa sun ci masa fiye da shekara 20. Wanda ya dube shi ta nan zai ce ya yi hasara. Amma shi ne mutum na farko da ya hau shugabancin gwamnatin ƙasar nan da ƙuri'ar kowa da kowa, mata da maza, shi ne kuma ya nuna cewa direba da tela da mai tallan goro suna iya haɗa kai su cika majalisa.

Yanzu sunansa yana bisa titi, muna murna da haka. Sai dai allon titi ba ya ba da labari. In yaro ya tambaye mu, kada mu tsaya ga kalmar A'a kaɗai. Mu gaya masa an yi majalisa mai kujeru 60 wadda kakanninsa suka zaɓa, aka rushe ta ba da yardarsu ba. Mu gaya masa an hana marasa rinjaye ko da kujera ɗaya, cikin shekara biyar kuma maganar da ba a bari an yi a zaure ba ta komo da bindiga. Mu gaya masa waɗanda suka yi wa Jibo haka su ma ba ƙuri'a ce ta sauke su ba. Ramin da aka gina a 1958 ya ci masu ginin a 1974.

Wannan bai tsaya ga Yamai ba. Duk inda mutane suka taru suka zaɓi shugabanni, ko ƙungiyar gari ce, ko ta manoma, ko ta masuntan tafkinmu, akwai wanda ya ci da wanda ya faɗi. Wanda ya ci ya bar wa ɗan'uwansa wurin zama da bakin magana. Wanda ya faɗi ya jira zaɓe na gaba, kada ya kai ƙara inda za a zo a rushe rumfar gaba ɗaya.

Muna roƙon iyayenmu da kakanninmu da suka ga wanga zamani, ƴan raƙumi da ƴan giwa duka, su daure su ba jikokinsu labari tun suna da rai. Yau ba gardin da zai zo ƙofar gida saboda wannan. Wanda yake son a rubuta abin da ya gani, malaman lakwal suna nan, za mu zo har gida da takarda da alƙalami, ba kuma za mu sa sunan kowa ba sai da yardarsa.

Allah ya jiƙan Jibo Bakari, ya jiƙan Jori Hamani, ya jiƙan dukan waɗanda suka rasa rayukansu cikin wannan rigima, sanannu da waɗanda ba a san kabarinsu ba. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.